Awon ADC a faifan ƙugu: daga 1.82 zuwa 1.91, sauƙi ne ko kuskuren awo?

Ɗalibar Gashi, Samaru: Assalamu alaikum. Malamai da iyayenmu na wannan zaure, a taimaka a warware mini wani ƙulli. A ɗauka an saka mai ciwon ƙugu a na'urar MRI, an ɗauki hoton yaɗuwar ruwa, wato DWI, aka auna ADC, wato ma'aunin saurin yaɗuwar ruwa a nama, na tsakiyar faifan da ke tsakanin ƙashin ƙugu na huɗu da na biyar (L4-L5) aka sami 1.82. Bayan mako shida ana yi masa gashi da motsa jiki aka sake aunawa, aka sami 1.91, duka a ma'aunin ×10⁻³ mm²/s. Ga shi ana cewa awon abin dogaro ne tunda ICC ɗinsa, wato ma'aunin yadda awo ke daidaita in an maimaita shi, yakan haura 0.9. To za a iya cewa faifan ya samu sauƙi?

Likitan Hoto, Shika: Wa alaikumus salam. 'Yata, tukuna. Ki fara tambayar wane irin maimaitawa ne ya ba da 0.9 ɗin. Akwai wanda mutum ɗaya ke zana da'irar wurin da za a auna a kan hoto ɗaya sau biyu. Akwai wanda mutum biyu ke zanawa a kan wannan hoton. Waɗannan biyun hannun mai zane kawai suka gwada, shi ya sa sakamakonsu ke fita tas. Wanda ya shafe ki shi ne na uku: a ɗauki hoto, a sauko da mutum daga gadon, ya taka ƙasa, a mayar da shi, a sake saita komai daga farko, a sake ɗauka. Nan ne kuskuren kwanciya da na zaɓen yanka da na na'ura suke shigowa. Tazarar da kike magana 0.09 ce, kusan kashi 5 cikin ɗari. Sai mun san yawan wasan da lambar ke yi ba tare da an yi wa mutum komai ba.

Mai Lissafi, Kongo: Ranka ya daɗe, bari in ɗora da lambobi, misali ne kawai don a ga yadda abin ke tafiya. A ce an tara faya-fayai iri-iri, daga na matashi mai cike da ruwa har na tsoho da ya bushe, bambancinsu, wato SD, ya kai 0.25, ICC kuma 0.95. Kuskuren awo, SEM, shi ne SD sau tushen 1 a cire ICC. Tushen 0.05 shi ne 0.224, sau 0.25 ya ba da 0.056. Mafi ƙarancin canjin da za a yarda da shi, MDC, shi ne SEM sau 2.77, wato kusan 0.16. Kin ga 0.09 ɗinki bai kai ba, duk da ICC na 0.95.

Ga inda mutane ke ruɗuwa. Ki riƙe wannan kuskuren na 0.056, amma ki ɗebi masu ciwo da faya-fayansu suka yi kama da juna, SD ɗinsu 0.10. ICC zai faɗo kusan 0.69. Na'ura ɗaya ce, hannu ɗaya, kuskure ɗaya. Abin da ICC ke faɗi shi ne ko awon na iya raba mutane, kuma raba buhun gero da tiyar gero ko sikelin da ya karkace zai yi. Abin da kike nema kuwa shi ne ko tiyar jiya da ta yau sun bambanta da cokali biyu.

Ɗalibar Gashi, Samaru: Na gode Malam. Wato SEM da MDC zan nema a takarda, in babu su in yi hattara.

Mai Lissafi, Kongo: Haka ne, kuma ko kin same su na na'urar wasu ne. Naki sai kin auna. Ki kuma yi zanen Bland da Altman, wanda ya shahara da takardarsu ta 1986: bambancin awo biyu a tsaye, matsakaicinsu a kwance. Idan ɗigogin sun bazu a ɓangaren ƙananan lambobi, kuskuren ya fi yawa ke nan a busassun faya-fayai, kuma MDC guda ɗaya ba zai wadatar da kowane matakin bushewa ba.

Hajiya Mai Na'ura, Tudun Wada: Kafin a kai ga lissafi, a tambaya ƙarfe nawa aka ɗauki na farko, ƙarfe nawa na biyu. Faifai soso ne. Da dare yana jan ruwa, da rana nauyin jiki na matse shi, har mutum kan rage tsawo da santimita ɗaya zuwa biyu tsakanin asuba da dare, kuma mafi yawan raguwar a sa'o'in farko bayan tashi take faruwa. An auna matsin cikin faifai a jikin mai rai a 1999: a kwance kusan 0.1 MPa, a tsaye 0.5, in ya sunkuya ya ɗaga kilo 20 kuwa 2.3. To a kwatanta wanda ya taso daga gadon asibiti aka gungura shi ɗakin hoto da ƙarfe takwas, da wanda ya fito daga Soba ko Giwa tun bayan sallar asuba, ya zauna a mota, ya hau acaɓa, ya zauna a benci har azahar. Ko da mutum ɗaya ne, faifansa ba a hali ɗaya yake ba.

Abin da ya kamata: a ba mutum lokaci ɗaya a kowane zuwa, tazarar kada ta wuce awa guda. Ya kwanta rigingine minti 20 zuwa 30 kafin a fara, a kuma riƙe adadin minti ɗaya ga kowa. Matashin ƙarƙashin gwiwa ya zama guda ɗaya kullum, domin shi ke canza lanƙwasar ƙugu. A rubuta ko yana azumi, ko ya yi noma ko dako a ranar.

Likitan Ƙashi, Sabon Gari: Ni fa ku yi haƙuri, duk wannan wahalar don me? Hoton T2 na gefe (irin hoton MRI da ruwa ke haske a cikinsa) da matakan lalacewar faifai biyar na Pfirrmann, tun 2001 ake aiki da su, sun isa a ce faifai ya bushe ko bai bushe ba. Kuma bushewar ma ba ita ce ciwo ba. Nazarin da aka tattara a 2015 ya nuna cikin mutanen da ba sa jin ciwon komai, kashi 37 na 'yan shekara 20 suna da lalacewar faifai a hoto, a 'yan shekara 80 kuwa kashi 96. Babu likitan da zai yanka bayan mutum don ADC ya sauka zuwa 1.5.

Likitan Hoto, Shika: Likita, a kan tiyata ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Amma Pfirrmann tsani ne mai matakala biyar kacal, kuma ido ne ke yanke hukunci, masu karatu biyu kan saɓa da mataki ɗaya musamman tsakanin na biyu da na uku, ko na uku da na huɗu. A mako shida faifai ba zai tsallaka mataki ba. Mai bincike yana son ma'auni mai tafiya a hankali, shi ya sa ake komawa ga ADC ko taswirar T2. Kayan bincike ne, kuma ban yarda a rubuta shi a rahoton mara lafiya a matsayin shaidar warkewa ba.

Malamin Fiziks, Samaru: Ina so in daɗe a kan ƙimar b, wato lambar da ake saitawa ta yadda hoton zai ji yaɗuwar ruwa, domin nan ne kuskuren da ba ya nuna kansa yake ɓuya. Tun aikin Stejskal da Tanner na 1965 lissafin bai canza ba: sigina na raguwa gwargwadon b sau ADC. Da b biyu, sifili da wata, ADC shi ne logaridim na S0 (sigina a b sifili) bisa Sb (sigina a ɗaya b ɗin), a raba da b. Tsakiyar lafiyayyen faifai ruwa ne kusan kashi 80, ADC ɗinsa na zagaye 2.0, ruwa sake a zafin jiki kuwa kusan 3.0. Mutane kan kwafo tsarin ƙwaƙwalwa mai b 1000 su ɗora wa ƙugu. A ƙwaƙwalwa ya dace saboda ADC ɗinta kusan 0.7 zuwa 0.8 ne. A faifai mai 2.0, b 1000 zai bar kashi 13 zuwa 14 kawai na sigina. Da b 500 ana samun kashi 37. Ƙa'idar ita ce b sau ADC ya tsaya kusa da ɗaya, shi ya sa 400 zuwa 600 ya fi dacewa da faifai.

Sannan ga T2, wato lokacin da siginar nama ke ɗauka tana dushewa. Lafiyayyen faifai T2 ɗinsa kan haura milisakan 100, busasshe kan faɗo wajen 50. Idan TE ɗinka, wato lokacin jira kafin a karɓi sigina, 80 ne, mai 120 zai riƙe rabin siginarsa, mai 50 kuwa kashi 20, tun ma kafin a kunna giradiyen na yaɗuwa, wato ƙarin maganaɗisun da ke auna motsin ruwa. Hoton da muke aunawa ba ya sauka ƙasa da sifili, don haka dusar hoto, wato hayaniyar na'ura da ke gauraye da sigina, ke zama masa daɓe. Sigina a b mai girma sai ta bayyana fiye da gaskiyarta, ADC kuma ya fito ƙasa da gaskiya. Misali: ADC na gaskiya 1.5, sigina ta ninka dusa sau 10 a b sifili. Da b 500 za a karanta kusan 1.47, da b 1000 kusan 1.40. Idan sau 5 kawai ta ninka, b 1000 zai ba da wajen 1.15. Sai a ce ai lalacewa ce ta rage yaɗuwa sosai, alhali wani kaso na raguwar dusa ce.

Ƙaramin Likita, Kwangila: Malam, in aka ƙara yawan maimaicin ɗauka ba zai gyara ba? An koya mana sau huɗu na ninka fifikon sigina a kan dusa sau biyu.

Malamin Fiziks, Samaru: Ƙanena, yana rage warwatsuwa, amma a DWI yawancin na'urori sai sun mayar da kowane hoto zuwa girman sigina kafin su haɗa, saboda motsi na hargitsa zangon igiyar. A haka daɓen dusar yana nan inda yake, sai dai ya yi sumul. Hoto ya yi kyau a ido, lambar kuma a karkace. Wannan ne ma ya sa nake tsoron ICC mai kyau: kuskuren da ke maimaita kansa daidai kullum yakan ci jarrabawar maimaitawa. Maganin shi ne a rage TE iyakar abin da giradiyen zai iya, a rage b, a ɗan ƙara kaurin yanka. Faifan da siginarsa a b mai girma ba ta ninka dusa sau 4 ko 5 ba, a rubuta ba ya aunuwa. Faifai mataki na biyar na Pfirrmann da ya rufta, ko mai iska a ciki, a bar shi kawai. A kuma ɗauki fuskoki uku a haɗa, domin zaren zoben faifai yana da alƙibla.

Hajiya Mai Na'ura, Tudun Wada: A ƙara da murɗewar hoto. EPI mai harbi ɗaya, hanyar ɗaukar DWI ta gama-gari, yana gama yanka cikin ƙiftawar ido, amma duk inda ƙashi da iska da nama suka haɗu sai ya ja hoton kamar roba. L5-S1 ya fi shan wahala: a karkace yake, ga iskar hanji a gabansa, ga ƙashin ƙugu ta gefe. Saboda haka kada a zana da'ira a hoton T2 a kwafa ta kai tsaye kan taswirar ADC, za ta iya sauka a ƙashi. A zana a hoton b sifili, T2 na gefe ana duba shi. Alƙiblar zango da aka zaɓa ranar farko ita za a riƙe har ƙarshe, in aka juya ta murɗewar ma juyawa take.

Danne kitse kuma dole ne. A na'ura mai ƙarfin maganaɗisu 1.5T kitse da ruwa sun rabu da kusan 220 Hz, a 3T 440. Idan kowane ɗigon hoto 20 Hz yake ɗauka ta wannan alƙiblar, a 1.5T kitsen zai yi tsalle ɗigo 11 ya faɗa kan faifai, kuma ADC na kitse ƙasa yake ƙwarai, sai ya ja lambar ƙasa. Ga mai jiki, a sake shim, wato daidaita filin maganaɗisu, a kan ƙugu kaɗai, in danne kitse na yau da kullum ya gaza a koma wasu hanyoyin danne shi, SPAIR ko STIR. Wanda na'urarsa ke da hanyoyin rage murɗewa irin su RESOLVE ko ZOOMit na Siemens, ko FOCUS na GE, ya yi amfani da su, sai dai kada a haɗa lambobinsu da na EPI na gama-gari a teburi ɗaya.

Likitan Hoto, Shika: A kan da'ira ni nafi son ƙarama a tsakiyar faifai, a yankan tsakiya, a bar aƙalla ɗigo ɗaya tsakaninta da ƙashi sama da ƙasa. Lafiyayyen faifan ƙugu tsayinsa wajen milimita 10 ne, da ɗigo na milimita 2 kana da biyar, ka zubar da na gefe biyu, saura uku. Wanda ya koma milimita 4, ɗigo biyu ne kuma duka suna taɓa ƙashi. Abin da ya fi ɓarna shi ne ruwan laka ta baya. Yana haske ƙwarai a b sifili kuma ADC ɗinsa kusan 3.0, don haka ɗan kaɗan ya shiga da'ira sai lambar ta haura. Ƙarin 0.09 irin na 'yarmu, zamewar da'ira baya da ɗigo ɗaya ko biyu na iya kawo shi.

Mai Lissafi, Kongo: Nan kam ban bi ka ba, ranka ya daɗe. Ƙaramar da'ira ɗigo nawa ne a ciki? Wataƙila goma sha biyu. Ɗigo ɗaya ya lalace ya ja matsakaici. Kuma akwai duhun layin nan da ke ratsa tsakiyar faifan manya, in da'ira ta hau shi yau gobe ta kauce, an sami bambanci. Gara a ɗauki kashi uku na tsakiya cikin biyar na faɗin faifai, a yanka uku a jere, a haɗa.

Likitan Hoto, Shika: Yanka uku na milimita 4 sun ci milimita 12 ban da tazara, wannan babu laifi ga mai miƙaƙƙen baya. Ga wanda bayansa ya karkace, yankan gefe na iya faɗawa zoben faifai a L2-L3 alhali yana tsakiya a L4-L5. Na yarda da yanka uku in an duba hoton gaba an tabbatar. Faɗaɗawa zuwa kashi uku cikin biyar ce ban so ba a faifai mataki na huɗu, inda iyakar tsakiya da zobe ta riga ta ɓace.

Mai Lissafi, Kongo: To a yi duka biyun a gwajin maimaitawa, wanda ya ba da ƙaramin SEM a riƙe shi. Amma a yanke shawarar kafin a buɗe sakamakon masu ciwo, kuma mai zane kada ya san wane hoto ne na kafin gashi, wane ne na bayansa.

Injiniya, Hanwa: Salam. Ita kanta na'urar fa? Giradiyen daidai yake ne kawai kusa da cibiyar maganaɗisu. Da ka yi nisa, b da ka rubuta ba shi nama ke gani ba, kuma a nisan santimita 12 zuwa 15 kuskuren ADC na iya wuce kashi 10 a wasu na'urori. Daga L1 zuwa S1 ya kai santimita 15 ko fiye. Idan yau an saita cibiya a L3, wata mai zuwa a L5, faifan da ake bi ya canza mazauni a cikin maganaɗisu. A ɗora faifan da ake bincike a cibiya, a rubuta matsayin gado.

Gwajin wata-wata ba ya buƙatar tsada. A sami bututun roba a cika da tataccen ruwa, a tsayar da shi a tsakiyar roba mai murfi, a cika ta da dakakkiyar ƙanƙara da ɗan ruwa, a bari kusan awa guda ya daidaita, a ƙara ƙanƙara in ta narke. Ruwa a digiri sifili ADC ɗinsa 1.1 ne, a nemi tsakanin 1.06 da 1.14 a cibiya. Kada a yi da gorar ruwa ta zafin ɗaki. Yaɗuwar ruwa na ƙaruwa da fiye da kashi 2 a kowane digiri: a 20 kusan 2.0, a 25 kusan 2.3. Gorar da ta kwana a sito cikin hunturun Janairu da wadda ta kwana cikin zafin Afrilu za su sa a zargi na'ura a banza. Bayan duk wani gyara, sabunta manhaja ko canjin koyil mai karɓar sigina, a sake gwajin kafin a saka mutum.

Ƙaramin Likita, Kwangila: Yaya Injiniya, buɗaɗɗun na'urori masu 0.2T zuwa 0.35T fa? Su ne wasu marasa lafiya ke iya biya. Kuma sau da yawa hoton a waya ake turo shi.

Injiniya, Hanwa: Don ganin faifan da ya ɓullo ya danne jijiya suna aiki. Don ADC na faifai kuwa sigina ba ta isa ba, giradiyen ɗinsu mai rauni ne, TE sai ya yi tsawo, matsalar da Malam ya bayyana ta ninka. Hoton waya ko na fim kuma babu lamba a cikinsa, launin toka ne kawai. Sai fayil ɗin DICOM na asali, wanda na'urar ke fitarwa. A lura wasu na'urori na rubuta 1820 maimakon 1.82, ma'aunin ne ×10⁻⁶. Wasu manhajojin kuma ba sa karanta lambar ninkawa da ke cikin fayil, don haka a auna duka hotunan da manhaja ɗaya.

Likitan Ƙashi, Sabon Gari: Inda DWI ke yi mini amfani a ƙasar nan daban ne. Dattijo ko makiyayi ya zo da ciwon baya, ƙashin da ke gefen faifai ya yi haske, ana tambaya lalacewa ce mai kumburin ƙashi, wadda ake kira Modic na ɗaya, ko ƙwayar cuta, tarin fuka ko burusela. Alamar farce, layuka biyu masu haske da iyaka sarai a ƙashin sama da na ƙasa, tana karkata ga lalacewa. Hasken da ya bazu ba iyaka yana sa a nemi cuta. Wannan da ido ake gani, ba sai an zana da'ira ba, kuma ba ya hana gwajin jini da ɗaukar nama in zato ya yi ƙarfi.

Likitan Hoto, Shika: Gaskiya ne Likita, sai dai tarin fuka kan bar faifai lafiya da farko ya bi ta ƙarƙashin jijiyar gaba, don haka kada kyawun faifan ya kwantar da hankali. Wani abu da aka manta: ƙidayar ƙasusuwan ƙugu. Akwai masu ƙashin ƙugu na ƙarshe da ya manne da na ƙasa, ko na ƙasan ya rabu ya zama kamar na shida. Mai karatu ɗaya ya ce L4-L5, ɗayan ya ce L5-S1, sai a kwatanta faya-fayai biyu daban. A ajiye hoton ranar farko mai alamar kibiya a kan faifan.

Ɗalibar Gashi, Samaru: Allah ya saka da alheri. To gwajin maimaitawar, mutum nawa, kuma rana ɗaya ko ranaku daban? Sannan in an auna faifai biyar a kowane mutum, mutum 10 ba sun zama 50 ba?

Mai Lissafi, Kongo: A'a 'yar'uwa. Faya-fayan mutum ɗaya kwanciya ɗaya suka yi, shim ɗaya, motsi ɗaya, kuskurensu tare yake tafiya. Ki lissafa kowane faifai, kamar L4-L5, daban, ko ki yi lissafin da ya san na mutum ɗaya ne. Ki nemi mutum 30 zuwa 35, masu ciwon ƙugu irin waɗanda za ki bincika. Ɗaliban aji masu shekara 22 za su ba ki ƙaramin kuskure na ƙarya, domin faifansu cike yake da ruwa kuma suna iya kwanciya shiru. Tunda tazarar bincikenki makonni ce, na rana ɗaya bai isa ba. Ki yi biyu a rana ɗaya da saukowa a tsakani, ki ƙara na uku bayan mako guda a lokaci ɗaya, kafin a fara gashin. MDC na wannan na ukun shi za ki gwada 0.09 da shi. Idan matsakaicin rukuni kike kwatantawa, canjin da bai kai MDC ba na iya bayyana, amma sai da rukunin da ba a yi wa gashin ba a gefe.

Hajiya Mai Na'ura, Tudun Wada: Kuma ki sa a lissafin lokacinki cewa kowane zuwa zai ci kusan awa guda: minti 20 na kwanciya, hoton saiti da T2 wajen minti 6, DWI minti 3 zuwa 5, a sauko, a sake. Mai ciwon da ba zai iya kwanciya rigingine ba, ya sha maganinsa na kullum kafin ya zo, a rubuta, domin motsi tsakanin b sifili da b 500 shi ke haifar da baki mai haske a gefen faifai a taswira. In kin ga wannan bakin, ki sake ɗauka tun yana kan gadon. Ranar gwajin ƙanƙara kuma ki zo da ita a kula tun safe, dakakkiya, manyan dunƙule ba sa rungumar bututun.